Shuɗin Ƙyallen Tiyata

Tun ranar da aka sauke kwantenar nan a harabar asibitinmu raina bai kwanta da ita ba, kuma da yake ni ba mai iya haɗiye magana ba ce, a ranar na faɗa. Aka ce Suwaiba dama ba ta taɓa ganin abu ta yaba.

Ni nas ce a ɗakin tiyata. A lokacin shekarata goma sha ɗaya a wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyar Rikkos, gado talatin, ɗakin tiyata ɗaya. Mai wurin, Dokta Chigozie, gwani ne a aikinsa, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba, amma in ya fara magana kunnuwansa toshewa suke yi. A farkon damunar 2006 wata ƙungiya daga ƙasar waje ta aiko mana kyautar kayan tiyata kwantena guda: riguna, huluna, da ƙyallayen da ake lulluɓe mara lafiya da su a kan tebur. Duk shuɗaye, duk irin wanda ake aiki da shi sau ɗaya a yar. In ka taɓa sai ka rantse yadi ne, alhali roba ce. Aka ɗau hotuna, aka sha lemo, Dokta ya ce daga yau mun shiga zamani.

Kafin zamanin nan nasa, da koren yadi muke aiki. A gama tiyata a kwashe ƙyallayen a kai wa Baba Dantong ɗakin wanki. Ya jiƙa, ya wanke, ya shanya, ya goge, ni kuma in naɗe in sa a injin dafa kaya mai kashe ƙwayoyin cuta, washegari su dawo kan tebur. Ƙyalle ɗaya sai ya shekara biyar yana mana aiki. Abin da muke yarwa bayan tiyata bai wuce bokiti ɗaya ba, auduga ce da safar hannu da guntun zare. Baba Dantong ya riga kowa zuwa asibitin, shi kansa Dokta tarar da shi ya yi, don tun zamanin tsohon likitan da ya sayar da wurin yake wanki. Dattijo ne gajere, mutumin ƙauyen Du, hannuwansa sun yi fari-fari saboda bilic, maganin wankin nan mai cire tabo, Hausarsa kuma irin wadda ba ta raba mace da namiji. "Sista, ka kwana lafiya?" Haka yake gaishe ni kullum, ni kuma ina girmama shi kamar ubana.

Da shuɗayen suka zo, aka kulle korayen a sito, aka sa wa ɗakin wanki kwaɗo, tunda zanen gado dama masu jinya ke zuwa da nasu. Baba kuma aka ce ya koma bayan ɗakin tiyata ya riƙa ƙone shara. Wurin ƙonawar ba wani wuri ba ne, tsohon durom ne na ƙarfe da aka huhhuda masa gindi aka ɗora a kan bulo uku.

To, shara kuwa ta samu. Aikin haihuwa ɗaya sai ya cika manyan baƙaƙen ledoji uku. Kowace riga a cikin leda take, ledar a cikin wata ledar, an kuma naɗe su da wani shuɗin ƙyallen da ko jikin mara lafiya ba ya taɓawa. Duk wannan wuta ake sa masa. Hayaƙin baƙi ƙirin, mai nauyi, ba ya tashi sama, sai dai ya kwanta ya bi ta kan katanga ya shiga gidajen mutane. Warinsa yana manne wa mutum a maƙogwaro har yamma. A tsakiyar wannan hayaƙin Baba Dantong yake tsayawa da guntun rodi a hannu yana juya roba tana narkewa tana ɗiga. Cikin wata biyu ya fara wani tari mai zurfi da ake jiyo shi har cikin tiyata. Idanunsa suka kaɗa suka yi ja, ya rame, wandonsa ya koma ɗaurewa da igiya.

Abin da nake so guda ɗaya ne, a raba dattijon nan da wutar nan a mayar da shi ɗakin wankinsa kafin ƙirjinsa ya gama lalacewa.

Na fara da Matiron Theodora, shugabarmu ta nas-nas. Ta saurare ni tana cike takardar jadawalin aiki, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kyauta ce, Suwaiba. Kin taɓa ganin an mayar wa mutum kyautarsa?"

"Ban ce a mayar ba, Matiron. A ajiye su don masu ciwon da ake tsoron yaɗuwarsa, ko ranar da ruwa ya hana shanya bushewa. Sauran ranaku mu koma wa yadinmu."

"Je ki faɗa wa oga."

Na je na faɗa wa oga. Ya ce a Ingila haka ake yi. Na ce, "A Ingilan ma a durom suke ƙonawa, Dokta?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in rubuto masa a takarda. Na rubuta. Bayan sati biyu ya ce bai gani ba, na sake rubutawa. Ta ukun da idona na gan ta a kan teburinsa, an ɗora mata kofin shayi har ya yi mata zobe. Wallahi ranar sai da na shiga bayi na wanke fuskata da ruwan sanyi, don in na buɗe baki a lokacin, aikin ne zan rasa.

Na koma yin abin da ke hannuna. Na riƙa ware ledoji da ƙyallayen da ba su taɓa jini ba a buhu dabam, wai ko a kai su bola a rage na ƙonawa. Matiron ta ce duk abin da ya fito daga tiyata wuta ce makomarsa, kar in kawo mata sabon tsari. Na riƙa ba Baba takunkumin hanci, ya sa na minti biyar ya cire ya ce yana toshe masa numfashi. Masu shara suka ce a ba shi madarar gwangwani tana wanke hayaƙi a ciki. Na san ba ta wanke komai, amma na riƙa sayo masa, don na rasa abin yi.

"Baba, ku yi magana mana. Ku je ku faɗa wa Dokta da bakinku."

"Sista, aiki ne. In na ce ba na iyawa, za su ce tsufa ne."

Wajen watan Agusta sai na lura hayaƙin ya ɗan ragu, wutar ba ta daɗewa kamar da, tarin Baba ma ya yi sauƙi. Na ce ko ruwan saman da ake tafkawa ne yake kwantar da hayaƙin. Ban bi ba'asi ba.

Wata Asabar na sauka Taminus sayen kayan miya. Tun da babbar kasuwa ta ƙone 'yan kasuwa suka bazu a bakin titi, kowa ya shimfiɗa abin da ya samu ya kasa kayansa, ga taɓo ko'ina saboda an kwana ana ruwa. Na tsuguna gaban wata mata mai karas da kabeji ina zaɓa, sai idona ya sauka a kan shimfiɗarta. Shuɗiya ce. Na ɗaga kabeji guda na duba da kyau. A tsakiyar ƙyallen akwai hudar nan mai tsawo da muke daidaitawa a kan cikin mace in za a yanka, ita kuma matar ta cusa sandar lemarta ta cikin hudar ta kafa a ƙasa. A gefen hudar ga sauran rawayan ayodin nan da muke shafa wa fata kafin a yanka bai gama fita ba.

Na miƙe na dubi layin. Mai tumatir tana da shi, mai latas tana da shi, wata mai dafaffiyar masara ta rufe kwanonta da shi. Na ƙirga biyar, na daina.

"Baiwar Allah, kin san ko mene ne wannan?"

"Shimfiɗa ce, Hajiya. Ruwa ba ya ratsa ta, ta fi buhu."

Sai kaina ya ɗau zafi. Na ce mata wannan a kan cikin mutum aka shimfiɗa shi aka tsaga, jini ya zuba a kai, shi ne take kasa abin da mutane za su ci ɗanye. Na kwashe mata karas ɗin na zuba a jakar da na zo da ita, na zare lemar, na fizge ƙyallen, na bar mata jakar gaba ɗaya. Tana ta ƙoƙarin yi mini bayani, ni kuma muryata ta danne tata. Mutane suka taru, wani yana cewa a yi haƙuri, wani yana tambayar ko 'yar duba-gari ce. Na dunƙule ƙyallen na tare ɗan acaɓa na tafi gida ba kayan miya.

Ban tambaye ta inda ta samo shi ba. A raina na riga na yanke cewa masu tonon bola ne ke haurowa ta katanga suna kwasa. Kuma in faɗi gaskiya, a ƙarƙashin ɓacin ran akwai murna. Na ce yau na samu abin da ba za a ɗora masa kofin shayi ba.

Ranar Litinin da safe, kafin a fara zagayen marasa lafiya, na shiga ofishin Dokta ba tare da jiran a ce in shigo ba. Matiron tana ciki. Na warware ƙyallen na shimfiɗa a kan teburin, har da ɓurɓushin ganyen karas a jiki.

"Ga zamaninku nan, Dokta. A Taminus na tsinto shi, an kasa karas a kai. Ba shi kaɗai ba ne, layi guda ne. Shekara goma sha ɗaya muna aiki da koren yadi, ban taɓa ganin ko guntunsa a kasuwa ba, don yana da mai shi, ana ƙirga shi, yana dawowa. Wannan kuwa ya fi ƙarfin durom ɗinku. Wanda aka ƙone yana kashe mana dattijo, wanda ya tsira yana cikin abincin mutane. A buɗe sito a fito da korayen, a buɗe wa Baba ɗakin wanki, magana ta ƙare."

Dokta ya sunkuyo kan ƙyallen. Ya cire tabarau ya sa ɗan yatsa ya bi gefen hudar, ya tsaya a kan rawayan ayodin. A karo na farko na ga maganata ta shige shi, har na fara jin sanyi a raina.

"Ta ina ya fita?" ya tambaya.

"Masu tonon bola mana."

"Akwai waya a kan katangar nan, kuma akwai maigadi. Matiron, a kira mini Dantong."

Baba ya shigo yana goge hannu a jikin wando, ya tsaya daga bakin ƙofa don kar takalminsa ya ɓata daɓen. Da ya hango ƙyallen sai fuskarsa ta saki, irin ta wanda ya ga abin da ya sani. A nan na gane ba masu tonon bola ba ne.

"Dantong, ka san wannan?"

"Na sani, oga. Ni na wanke shi."

Ya faɗa ne ba tare da wani tsoro ba, har da ɗan alfahari. Ya ce ba kowanne yake ɗauka ba. Wanda jini ya jiƙa yana ƙonewa. Wanda tabonsa kaɗan ne, da wanda aka naɗo kaya da shi kawai, su yake warewa ya tafi da su gida. Ruwa uku yake musu, na farko da bilic, ya shanya su a kan dutse su sha rana. Matarsa tana da 'yan'uwa masu kasa kaya a Taminus, tun gobarar kasuwa suke zama a taɓo, shi ne yake ba su. Bai taɓa sayarwa ba.

"Yadi mai kyau, oga, aiki ɗaya ya yi, a ce a sa masa wuta? Hannuna bai yarda ba. Kuma da na rage abin da nake ƙonawa, ƙirjina yana hutawa. Sista ma ya gani, tarin ya ragu."

Ya juyo ya dube ni don in shaida. Na kasa haɗa ido da shi.

Dokta ya yi magana a hankali, abin da ba halinsa ba. Ya ce bilic da rana ba sa maye gurbin injin dafa kaya, kuma Baba ya san haka. Ya ce akwai masu ciwon hanta a cikin waɗanda muka yi wa aiki a watannin nan. Ya ce in mutanen ma'aikatar lafiya suka ga wannan, a ranar za su rufe asibitin, mu duka mu tafi gida. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ni da kaina na faɗa wa mai karas fiye da haka a gaban jama'a.

"Ka ajiye makullin ƙofar baya a wurin Matiron. Aikinka ya ƙare a nan."

"Dokta," na ce, "ba don wannan na kawo ba."

"Amma ke kika kawo."

"Laifin wa? Mutumin da ya shekara ashirin yana wanki kuka ɗauka kuka ba shi ashana. Me kuke zaton zai yi in ya ga ƙyalle? Ku yi masa faɗa, ku ja masa kunne, ku mayar da shi wanki, ni zan tsaya masa."

"Ba zan iya riƙe wanda ya fitar da kayan tiyata waje ba, Sista Suwaiba. Ko ɗan'uwana ne."

"To korayen fa?"

"Kina da gaskiya a kansu. In kwantena ta ƙare za mu koma musu."

Na dubi Matiron. Ta ce a yadda muke aiki, kayan za su kai shekara biyu, wataƙila uku. Ta faɗa tana kallon ƙasa.

Na fito na bi Baba har bakin get. Ba shi da kaya a asibitin sai kwanon abincinsa da wata tsohuwar rigar sanyi. Na sha gabansa na durƙusa, ni da ba na iya durƙusa wa kowa.

"Baba, ku yafe mini. Wallahi ban san ku ba ne. Da na tambayi matar nan..."

"Tashi, Sista, mutane suna kallo." Ya gyara rigar a kafaɗa. "Da ka zo ka tambaye ni, da na faɗa maka. Ban ɓoye ba, ba wanda ya tambaya ne."

Bai yi fushi ba, kuma da ya yi fushin da na fi samun sauƙi. Ya ce zai bi matan ya karɓo sauran, tunda oga ya ce ba kyau. Ya tsallaka titi ya tsaya jiran motar Bukuru yana tari.

Ranar Laraba da na zo aiki maigadi ya tare ni ya nuna mini wani babban buhu a ɗakinsa. Ya ce Baba ne ya kawo da sassafe, bai yarda ya shigo ba. Na kwance bakin buhun. Shuɗayen ne, sun fi arba'in. Har waɗanda ya karɓo daga kasuwa sai da ya sake wanke su, ya linke kowanne gida huɗu ya jera.

A ranar mun yi aiki biyu kafin azahar, na haihuwa ɗaya, na ƙaba ɗaya. Na ɗaure ledojin shara guda biyar na jingine a ƙofar baya kamar kullum, sai na tuna ba mai zuwa ɗauka. Na je na tambayi Matiron. Ta ce Dokta ya ce kafin a samu sabon mutum, ma'aikatan tiyata su riƙa ƙone shararsu, kuma a haɗa da buhun nan, kar a bar ko ɗaya. Na tambaye ta su wane ne ma'aikatan tiyata. Ta miƙo mini makullin da galan ɗin kananzir.

Sai da na yi sawu uku kafin na gama kwaso su. Durom ɗin bai ɗauke su duka ba, na tara sauran a gefe ina jira. Na fara da wankakkun, don in na bar su ƙarshe ba zan iya ba. Na yayyafa kananzir na ƙyasta ashana. Suka kama nan take, suka motse, suka fara ɗiga ta hudar gindin durom ɗin. Hayaƙin ya turnuƙe fiye da duk wanda na taɓa gani a wurin, iska ta kwantar da shi ta kan katanga, na ji wata mata a gidan baya tana kwashe shanya tana tsine wa asibitin da duk wanda ke cikinsa. Na ɗau guntun rodin na juya. Idanuna suna ruwa, ƙirjina yana zafi, na fara tari.

Matiron ta leƙo ta tagar tiyata ta ce in hanzarta, an kawo wata mai naƙuda da sai an yi mata aiki, sannan ta ja tagar ta rufe. Saura leda biyar.